Jakar Jiran Amsa

Shekara talatin da ɗaya Sakatariya ta yi tana buga tafireta a ofishin hukumar ruwa, kuma duk tsawon shekarun nan ko takarda ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannunta ba. Ba ita ke faɗa ba, mutane ke faɗa. Ranar da ta yi ritaya, shugaban sashensu ya tsaya gaban ma'aikata ya ce da za a ba ta ajiyar iska, da sai ta huda ta ta sa a fayil.

A takardar aiki, mai buga tafireta ce kawai. Ƙanwarta Auta ce ta laƙaba mata Sakatariya, tun ranar da ta fara fita aiki da aron takalmi mai tsini, tana tafiya kamar mai taka ƙwai. Sunan ya bi ta har ya danne na yanka. Ta yi aure sau ɗaya, da wani direban motar asibiti, mutum mai haƙuri; ya rasu tana da shekara arba'in, Allah bai ba su haihuwa ba, ita kuma ba ta sake ba.

Teburinta yana hawa na biyu, jikin taga, ƙarƙashin wata fanka mai kukan tsohuwar ƙofa. A nan ta koyi abin da ya zama ƙa'idar rayuwarta: kowace takarda biyu ce. Ka sa takardar kabon a tsakani, ka buga, asali ya tafi inda za shi, kwafi ya zauna. In dai ɗaya na sito, ɗayan ko wuta ta ci shi ba asara. Haka kuma ba ta taɓa tashi daga aiki ta bar kwandon shara da ko ɓawon fensir a ciki ba. Ƙarfe huɗu saura kwata za ta ɗauke shi da kanta, ba ta jiran masinja, ta sauka bayan gini ta juye. Tana cewa takardar da aka yar, in ta kwana a kwando, da safe wani zai tsince ta ya ɗauka magana ce. A hannun damanta kuwa akwai wani tiren ƙarfe da ta manna wa takarda, ta rubuta Jiran Amsa. Abin da ya shiga tiren nan, mai shara ma ya san ba a taɓa shi. Ko da kwamfuta ta zo ofishin, shekara shida kafin ta bar aiki, ta koya ba gardama, sai dai duk abin da ta buga sai ta fitar da biyu.

Auta kuwa ba ta gaji ko ɗaya daga cikin wannan hali ba. Mai kitso ce, a wani gari mai nisan yini guda a mota, inda aure ya kai ta. Mijin ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, doguwa siririya, wadda uwar ta sa wa Balbela saboda ƙafafunta. Auta ba ta taɓa sanin inda ta ajiye mataji ba, alhali yana soke a kanta. Magana kuwa, Allah ya ba ta. Da waya mai ɗaukar murya ta zo hannunta, kamar an buɗe famfo. Ba ta rubutu, ta ce hannunta na kan mutane. Sai ta jingina wayar da gwangwanin man kitso, ta danna da gwiwar yatsa, ta shiga zuba.

"Sakatariya, kin tashi, ko har yanzu kina jera mafarkinki a fayil? Ke, daina motsi, so kike in karkace miki layi? Ba da ke nake ba, Yaya. To jiya dai maƙwabcin nan namu mai kaji..."

Kusan kullum da safe saƙo zai shigo, wani minti ɗaya, wani minti bakwai, da ƙarar mataji a ciki, da kukan yaran da ake wa kitso, da dariyar Auta wadda takan fara daga hanci kafin ta fashe. Sakatariya za ta saurara tana shan shayi, ta ɗauki wayar ta rubuta amsa: Na samu. Na gode.

"Na samu, na gode!" in ji Auta a saƙon washegari. "Yaya, ni ƙanwarki ce ko ɗan kwangila? Ki buɗe baki ki yi magana mana, ba a cin tara."

Shekara shida ana haka. Sai ciwo ya shiga Auta ta hannu, ya gangara ciki, cikin wata biyu ya gama da ita.

Bayan rasuwar ne aka gane cewa muryar Auta ba ta rage ko'ina ba sai a wayar yayarta. Tata wayar ta riga mai ita mutuwa da 'yan kwanaki, ta faɗa bokitin wanki. Balbela kuwa gida ɗaya suke, bayan aurenta ma layi ɗaya, to me za su aika wa juna? In uwar na son ta, leƙowa take ta ƙwala kira. Ita kuma wayar Sakatariya ta tsufa, batirinta ya kumbura har murfin ya ɗaga. Balbela, wadda a lokacin ta zama malamar makaranta, ta zo hutu da sabuwar waya, ta zauna yini guda ta kwashe saƙonnin kaf ta zuba su a ma'ajiyar intanet da ta buɗe da sunanta, ta haɗa sabuwar wayar da ita.

"Inna, kin ga yanzu suna can a ajiye. Ko wayar nan ta faɗa rijiya, suna nan."

"Wato akwai sito."

"Kamar sito, i."

"To madalla. Abin da nake faɗa ke nan shekara talatin."

Balbela ta koya mata yadda ake buɗe jaka a ciki a sa mata suna, ita kuwa abin nema ya samu. Sati uku ta yi tana aikin da ta fi kowa iyawa. Ta rarraba saƙonnin shekara-shekara, jaka shida, saƙo dubu ɗaya da ɗari tara da goma sha shida. Guda ɗaya ne ta ware. Ta buɗe masa jaka ta bakwai, ta sa mata Jiran Amsa.

Saƙon nan shi ne na ƙarshe. Kwana tara kafin rasuwar ya shigo, Auta na cewa ta zo. Sakatariya ta ji shi, ta ce a ranta Auta ce fa, wadda ko ƙaya ta taka sai ta tara dangi. Ga gwiwa na damun ta, ga tafiyar yini guda. Ta yanke za ta je, amma ba ta sa rana ba, ita kuma ba ta amsa takarda sai ta tabbatar da abin da za ta rubuta. Ta ce bari ta ga likitan gwiwa tukuna, sannan ta aika da rana da lokacin mota gaba ɗaya. Shi kaɗai ne saƙon da ko na samu bai samu ba. Ba ta faɗa wa kowa ba, ba ta kuma sake buɗe shi ba.

Sauran kuwa ta mai da su abincin safe. Kullum ɗaya, bi da bi, da kofin shayi, kamar dā. Balbela ita ba ta iya ba. Ta ce tun da ta zuba su ba ta leƙa ba, in ta ji muryar nan faɗuwa za ta yi. "Ki riƙe mana su, Inna. Ranar da na yi ƙarfi zan ji."

Shekara biyu da wani abu bayan haka, wata Talata da hantsi, wayar ta ƙi ɗaukar hoton takardar magani. Ta fito da rubutu cewa wuri ya cika, a rage kaya. Sakatariya ta sa tabarau ta duba abin da ya fi cin wuri, ta ga jakunkunan Auta ne. Ko gabanta bai faɗi ba. Kabad ya cika, me ake yi? A fitar da kwafi, tunda asali na sito. In tana so, sai ta riƙa ɗauko na shekara ɗaya ɗaya daga can. Ta zaɓi jaka shida, ta tsallake ta bakwai, don ba a taɓa abin da ke jiran amsa, ta danna gogewa.

Sai ta hango a ƙasa an zana ɗan kwando, an rubuta akwai abubuwa a ciki. Ta ɗan yi tsaki. Wato yaran da suka ƙera abin nan ma ba su san a zubar da shara ba. Ta buɗe, ta danna a juye. Wayar ta tambaye ta ko ta tabbata, ta ce abin da aka juye ba ya dawowa. Ta karanta tambayar har ƙarshe, don ba ta taɓa sa hannu a abin da ba ta karanta ba. Ta tabbata mana. Daga wayar ne ba zai dawo ba. Ta danna, ta ɗauki hoton takardar maganinta, ta tashi ta ɗora ruwa.

Washegari ta haɗa shayi, ta zauna, ta shiga neman ƙofar sito. Ta buɗe nan, ta buɗe can. Duk inda ta shiga, wuri ɗaya yake kai ta: fili fari fat, da jaka ɗaya tilo a kusurwa. Ta kashe wayar ta kunna. Ta cire tabarau ta goge. Har shayin ya yi fata a sama ba ta kurɓa ba.

Da ta ɗauki waya a ranar ta kira Balbela, da labarin nan bai kai a ba da shi ba. Amma Balbela na da ciki wata takwas, ƙafa a kumbure, likita ya hana ta tashin hankali. Wannan ne dalilin da Sakatariya ta ba kanta, kuma ba ƙarya ba ne. Sai dai akwai wani a ƙarƙashinsa. Matar da aka yi wa shaida gaban ma'aikata, da wane baki za ta ce ajiya ta ɓata a hannunta? Ta sha ganin fayil ya ɓace a ofis, kuma kullum yana fitowa, ko bayan kabad, ko cikin cikin wani fayil. Abin da ya ɓata ba ya tafiya ko'ina, nema yake so. Ta ɗauki littafi tana rubuta duk inda ta duba, kada ta maimaita. Kullum da safe, a lokacin da ta saba jin Auta, sai ta zauna nema. In Balbela ta kira ta ce, "Inna, yau me Umma ta ce?" sai ta ce, "Surutunta dai da kika sani," ta juya zancen zuwa kayan jariri.

Sati biyar ta yi a haka. Ta rame har maƙwabciyarta ta tambaye ta ko sukari ne.

Ranar da ta cika kwana talatin da shida, mijin Balbela ya kira da rana tsaka: an sauka lafiya, mace. Bayan kwana biyu mai jegon da kanta ta kira, murya a dashe amma da dariya.

"Inna, kin ga hancinta? Na Umma ne sak, har da hujin nan mai faɗi. Ki zo. Na yi ƙarfi yanzu. So nake mu zauna ni da ke da ita, mu sa mata muryar kakarta. Ban buɗe ba, na ce sai kin zo, ke kika san masu daɗin."

"To," in ji Sakatariya. "Na ji."

A ranar ta sa mayafi ta tafi layin masu gyaran waya, bayan tashar mota, ta wuce samarin da ke kiran ta, ta zaɓi rumfar wani mai furfura a gemu, da tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Ta yi masa bayani dalla-dalla, da rana da lokaci, har da littafin. Ya karɓi wayar ya duba bai fi minti biyu ba, ya ajiye ta a hankali kamar mai ajiye mara lafiya.

"Hajiya, wa ya ce miki biyu ne?"

"An ce mini suna sito."

"Suna can, gaskiya ne. Amma wayar nan ba kabad ba ce, taga ce. Ta cikinta kike hango ɗakin. Da kika miƙa hannu ta taga kika kwashe kaya, kayan ɗakin kika kwashe."

Wani ya zo neman caja, ya sallame shi.

"Ko hakan ma da sauƙi," ya ci gaba. "Abin da aka goge yakan zauna a kwando wata guda, don irin haka aka yi shi. Mutum ya yi kuskure, ya dawo ya tsince. Wa ya juye kwandon?"

"Ni."

"Yaro dai ya taɓa, ko? Jikoki ba sa barin waya."

"Ba ni da jika. Ni na juye. Ba na kwana da shara."

Mai gyara ya sauke tabarau na goshi ya ɗora a kan na ido, ya dube ta da kyau. Ya so ya yi dariya, ya ga fuskarta, ya fasa.

"Ni shekarata ashirin a rumfar nan, masu ƙazanta nake gani. Yau na ga wadda tsabta ta cuta. Saura ƙofa ɗaya, Hajiya, ita ma ƙarama. Wani lokaci kamfanin da ke riƙe da ma'ajiyar yakan iya dawo da abu ko an juye kwando, in an roƙe su da wuri. Yau kwana nawa?"

"Talatin da takwas."

Ya ja numfashi ta haƙora. "Me kika tsaya yi?"

"Nema."

"Ai barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. To a gwada dai, ba a san inda rabo yake ba. Amma ba ni zan rubuta ba, ba ke ba. Mai ma'ajiyar ce za ta nema, daga wajenta, da lambar sirrinta. Sunan wa ke kai?"

Ta faɗa masa. Ta buɗe jaka za ta sallame shi, ya ɗaga hannu.

"Ban gyara komai ba. Ki je ki gaya mata yau, kada ki kai gobe."

Washegari da sassafe ta shiga motar da ta ƙi shiga shekara biyu da rabi da suka wuce. Gwiwar ba ta hana ta ba.

Ta sami Balbela a ɗaki, zaune a bakin gado, ga baho, ga tulin tsummoki a kan kujera, ga jaririya a naɗe kamar saƙo. Ta karɓe ta, ta duba hancin, ta ga ba ƙarya. Ta yi addu'a ta mayar. Ko ruwan da aka kawo mata ba ta sha ba, ta ce a rufe ƙofa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A tsaye ta faɗa, hannu biyu a gaba, kamar mai ba da rahoto gaban shugaba, ba ta rage ko kwana ɗaya daga cikin talatin da tara ba.

Balbela ta jawo wayarta daga ƙarƙashin matashi, ta buɗe, ta daɗe tana kallon farin filin.

"Duka?"

"Jaka shida."

"Inna, duk kiran da nake yi ina ce miki me Umma ta ce yau?"

"Ƙarya nake miki."

"Ni ban ji ko ɗaya ba. Ko ɗaya fa, Inna. Ke kin sha ji, ni ajiyewa na yi." Ba ta ɗaga murya ba, saboda jaririya, kuma hakan ya fi ciwo. "Gogewar ban ga laifinki ba, ni ce ban yi miki bayani ya fita ba. Amma sati biyar? Ni ce fa. Duka zan yi miki?"

Sakatariya ta ɗauki tulin tsummokin da ke kan kujera, ta fita da su wanki.

Da magariba, bayan an yi wa jaririya wanka, Balbela ta share fuska ta buɗe shafin da ake kai kuka wurin kamfanin. Wani ɗan akwati ne aka ce a rubuta matsala a ciki. Ta fara, ta goge, ta sake. Sai ta miƙa wayar ba tare da ta dubi innarta ba.

"Ke ce gwanar takarda."

A rayuwarta ta buga takardun roƙo sun fi a ƙirga, na masu neman a ja musu ruwa, na masu neman a mai da su aiki, amma ba ta taɓa buga nata ba. Ta fara tsarawa a takarda da biro, ta gyara, sannan ta kwafa da yatsa ɗaya. Ta sa rana da lokaci da sunan kowace jaka da adadin abin da ke ciki. Ta rubuta cewa kuskuren nata ne ita kaɗai, ba na mai ma'ajiyar ba. A layin ƙarshe ta ce muryar wata mata ce da ta rasu, kuma 'yarta ba ta ji ba tukuna. Balbela ta karanta, ta aika, ba ta canza ko waƙafi ba.

Kwana uku suka jira. Sakatariya ta wanke tsummoki, ta shanya su bisa tsawo, ta jera magungunan mai jego a kan taga bisa lokacin sha. Suna magana, amma a kan ruwan zafi da sabulu. Mijin Balbela, mutumin kirki mai gyaran injin ɗinki, yana shiga yana fita a kan yatsun ƙafa. Ya gwada wasa sau ɗaya, ya ce tunda Inna ta zo ko cokali ya san layinsa, ba wanda ya taya shi.

Rana ta huɗu da hantsi amsa ta zo, cikin ladabi, layi biyar. Sun duba. Sun yi baƙin ciki. Abin da aka juye daga kwando suna iya kamo shi ne cikin 'yan makonnin farko kawai, wannan kuwa lokacinsa ya wuce, ba ya wurinsu kuma.

Sakatariya ta nemi a ba ta ta karanta da idonta. Ta ƙirga a yatsa, daga Talatar nan zuwa inda ƙofar ta rufe. Tana nan zaune da littafinta tana duba bayan kabad, ashe ƙofa a buɗe take tana jiran ta yi magana.

Balbela ta kwantar da jaririya a cinya, tana shafa mata kai. Can ta ce, "Wannan jakar da ta rage fa? Na gan ta tun ranar. Na ɗauka takardunki ne."

Ga hanya nan a buɗe. Ta ce i, takardun fansho ne, magana ta mutu, a bar ta da laifi ɗaya. Ta dubi hancin jaririyar. Wannan yarinya da uwarta, abin da ya rage musu na Auta a duniya daƙiƙa hamsin da biyu ne, kuma yana hannun wadda yake tona wa asiri.

"Ba takarduna ba ne. Uwarki ce. Saƙonta na ƙarshe. Kafin ki ji, ki sani ban amsa shi ba."

Ta danna da kanta, ta ajiye wayar a kan gado tsakaninsu. Aka ji motsin zani, da numfashi, sannan muryar ta cika ɗakin, ta ɗan shaƙe amma ita ce.

"Yaya, ni ce. Yau ba kitso, hannun ya ƙi. Likita ya ce in huta, na ce masa hutu ai sai Sakatariya, ita ce mai ritaya. Ki zo mana, Yaya. Ba don komai ba, ɗakin nan ya hargitse, ina so ki zo ki yi mini faɗa. Kada ki ce mini na samu na gode, ki sa ƙafa a mota kawai. Balbela! Ke Balbela, ruwan nan ya yi zafi, dafa uwarki za ki yi? Zo nan, dogayen ƙafafu, zo 'yar albarka, Allah ya ba ki mai yi miki. To Yaya, sai na ji ki."

Daga nesa, kafin ya yanke, aka ji wata murya tana cewa, "Ina zuwa, Umma."

Jaririya ta motsa baki cikin barci.

"Ta kira ki," in ji Balbela.

"Ta kira ni."

"Ba ki amsa ba."

"Ina jira in sa rana."

Balbela ta girgiza kai a hankali, hawaye na sauka a kan zanin goyo. "Ni kuwa ce mini ta yi kin amsa. Kullum in na tambaya sai ta ce, Yayata na hanya, kin san ta, sai ta goge takalmi ta jera su tukuna. Har ta sa na canza zanin gadon ɗakin baƙi. Sau biyu."

Sakatariya ba ta yi kuka a gaban mutane ba ranar da mijinta ya rasu, ba ta yi ba ranar Auta. Ta dafa bakin gadon ta zauna a ƙasa, a kan gwiwar mai ciwo, ta rufe fuska da mayafi. Balbela ta bar ta ta yi mai isarta. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Da kukan ya lafa, sai ta gyara wa jaririya kwanciya, ta juyo da kunnenta wajen wayar.

"Sake sa shi, Inna. Daga inda ta kira ni."

Yanzu saƙon yana wuri huɗu, mijin Balbela ne ya yi aikin, Sakatariya na tsaye a kansa tana tambaya ko wannan ɗaki ne ko taga. Wata biyu ta yi a gidan kafin ta koma. Da ta isa, ta sauko da tsohuwar tafiretar da aka ba ta kyauta ranar ritaya, ta sa mata mai, ta yi yawo har ta samo kabon a wani kantin littattafai da ya kusa rufewa. Kullum da safe, da kofin shayi, tana buga saƙo ɗaya daga cikin waɗanda ta iya tunawa: maƙwabci mai kaji, matar da ta yi barci ana mata kitso, ranar da mataji ya kwana a kan Auta. Asali ta tara wa Balbela, kwafi ya shiga fayil. Ta kai ɗari biyu da 'yan kai, kuma ta san ba za ta kai rabi ba, wasu ma ta fara shakkar ko haka aka faɗe su. Inda Auta ta yi dariya ba ta san yadda ake buga shi ba, sai ta bar fili, faɗin yatsa biyu, ta ci gaba.

Jaka ta bakwai kuwa Balbela ta ce a canza mata suna, a sa na Umma. Sakatariya ta ce a bar shi yadda yake.